Jagora Kan Ɗurin Bindigar Toka da Harbinta, Ga 'Yan'uwa Maharba na Jazira da Nil Azraƙ

Daga cikin kayan aikin da ɗan Adam ya ƙaga, da wuya a sami wanda amfaninsa da ɓarnarsa suke maƙwabtaka da juna kamar bindigar nan da ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda mutanenmu ke kira bindigar toka, wasu su ce adaka, wasu kuma harba-ka-ruga. Domin kuwa abin da ya raba maharbin da ya komo gida da zabi uku cikin burgami, da wanda aka komo da shi bisa jaki hannu a naɗe cikin rawani, sau da yawa bai wuce cikin cokali guda na albarushi ba, ko kuwa mantuwar daƙiƙa ɗaya. Mai bindigar kartush, harsashinsa a aune yake zuwa masa daga masana'anta, nasa kurum ya zura ya harba. Amma mai bindigar toka shi ne mai awo, shi ne mai ɗuri, shi ne kuma mai harbi, saboda haka alhakin ukun nan duka a wuyansa yake. Abin da wannan jagora za ta tsaya a kansa shi ne, lafiyar wannan sana'a ta rataya ne ga abu biyu, watau awo da tartibi, kuma wanda ya tsare su ya tsare hannunsa da idonsa da ran maƙwabcinsa, da izinin Allah.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a tarihinmu. Limamin Barno, Ahmad ɗan Fartuwa, ya rubuta cewa Mai Idris Alauma ya ajiye Turkawa 'yan bindiga tun cikin ƙarni na 16. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, da cewa shi ya fara tafiya da 'yan bindiga masu tsaronsa. Sarkin Damagaram Tanimu kuwa, wanda ya rasu a 1884, har igwa aka ƙera masa a birninsa. Galibin bindigogin da fatake suka hauro da su daga bakin teku ƙirar Birmingham ce ta Ingila da Liyej ta Beljiyam, kuma sa'ad da Turawa suka ƙulla yarjejeniyar Brussels a 1890, suka toshe sayar wa mutanen Afirka bindigogin zamani, bindiga mai ƙanƙara da albarushinta suka bari a kasuwa. Bayan Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas har suka sauka garin Shehu Talha a bakin Nil Azraƙ a 1906, daga bisani aka kafa garin da ke ɗauke da sunan Mai Wurno kudu da Sinnar. Waɗanda suka biyo sawunsu kuma, alhazai da masu neman aikin auduga bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, kowa ya zo da sana'ar gidansu. Yau kartush ce ta fi yawa a hannun masu farauta a Sudan, kuma ga wanda ya gaji tsohuwar bindiga a bayan ƙyaure, alhali dattijon da ya san ɗurinta ya riga mu gidan gaskiya, hatsarin ya fi girma. Domin irinsa ne aka rubuta wannan.

Fasali na ɗaya: duba bindiga tun ba a ɗura ba

Farkon abin da ya wajaba ga wanda bindiga ta shigo hannunsa, ta gado ce ko ta saye ko ta aro, shi ne ya ƙaddara cewa a ɗure take har sai ya tabbatar da akasin haka, domin albarushi ba ya tsufa in bai sha ruwa ba, kuma ɗurin da kaka ya manta a cikin bututu shekara arba'in da suka wuce yana iya tashi a hannun jika. Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce: a kawar da bakin bindiga daga fuska, a zura sandar ɗuri har ta tsaya, a yi mata alama daidai bakin bututu, sa'an nan a zaro ta a shimfiɗa ta bisa bututun ta waje, in ƙarshenta ya kai ga ɗan nonon da ake ɗora wa kabsula mai kunna albarushi, to, ciki fayau yake, in kuwa ya gaza da faɗin yatsa biyu ko uku, akwai wani abu a ciki, ko ɗuri, ko tsumma, ko ginin zanzaro, wanda ke matuƙar son ramin bututu. Kada a kai wa maƙeri bindiga ya sa gindinta a wuta sai an yi wannan awo, kuma maƙerin kansa kada ya yarda da faɗin mai ita.

Bayan haka sai a bi bututun da yatsu daga gindi har baki, a lalubi kumburi ko tsaga, a kuma haska cikinsa a ga zurfin tsatsa. Tsatsar da ta tsaya a fuska ana goge ta, amma wadda ta ci rami, musamman a gindi inda ƙarfin wuta ke taruwa, ta gama da bindigar, sai rataya don tarihi. A duba toshiyar gindi ko tana motsi, a duba nonon ko ya cinye ko bakinsa ya buɗe, a duba wuyan katako ko ya tsage. Kana a ɗana 'yar gudumar da ke sarar kabsula, a bubbuga gindin bindiga a ƙasa a hankali, in gudumar ta faɗi ba a taɓa kunama ba, to, wannan bindiga ba ta fita daji sai ta koma maƙera.

Wajibi ne kuma a san bambancin bututu da bututu. A Ingila, tun 1813 aka kafa gidan gwaji a Birmingham, inda ake ɗura wa kowane bututu fiye da ƙa'ida a harba shi a ɗaki mai kauri, in ya jure a buga masa hatimi kusa da gindi, haka kuma ake yi a Liyej. Bindigar maƙeri ba ta da wannan shaida, kuma wadda aka yi da bututun famfo ta fi kowace muni, saboda yana da ɗinki a tsawonsa, don ruwa aka yi shi, kuma ta ɗinkin nan yake yagewa daidai inda hannun hagu ke riƙe. Duk bindigar da aka jima ba a harba ba, ko aka yi mata gyara, harbin farko ba a kafaɗa ake yinsa ba: a ɗaure ta ga kututture, a ja kunama da doguwar igiya daga bayan katanga, sa'an nan a sake dubanta kamar da fari.

Fasali na biyu: albarushi da ma'auninsa

Albarushi haɗin abu uku ne, gawayi da farar wuta da farin gishirin da Larabawa ke kira milhul barud, kuma haɗa shi sana'a ce ta masu ita da izinin hukuma, ba abin gwaji a turmin gida ba ne. Mai kyau ƙwayoyinsa a bushe suke, masu tauri, ba su dunƙule ba, ba su kuma koma gari ba. Wanda ya sha raɓar damina a shanya shi a iska nesa da murhu, kada a kuskura a kanga shi ga wuta.

A nan ne ya kamata a yi gargaɗi mafi nauyi, domin tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu 2023 harsasan zamani sun watsu cikin ƙauyuka, kuma shaiɗan na iya raya wa mutum ya fasa ɗaya ya juye abin da ke ciki a bindigar toka, da yake a ido shi ma baƙi ne ko toka-toka. Wannan ba albarushi ba ne. Wani sinadari ne dabam mara hayaƙi, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya ƙaga a 1884, kuma matsin da yake haifarwa cikin bututu ya ninka na albarushi ninkin ba ninkin, har ma bututun masana'anta mai hatimi ba ya ɗaukarsa, balle na maƙeri. Babu wani awo nasa, komai ƙanƙanta, da ke da aminci a bindigar toka, kuma gauraya shi da albarushi bai rage sharrinsa ba. Haka hukuncin kan ashana yake. Wanda bai sami albarushi na ainihi ba, farauta ta faɗi a kansa ran nan.

Game da awo kuwa, kowace bindiga tana da nata ma'auni, wanda ake yankawa daga gora ko ƙarshen ƙaho, a rataya shi jikin burgami da igiya don kada ya ɓata. Tafin hannu ba ma'auni ba ne, domin hannun mai ɗoki ya fi na mai natsuwa zurfi. Lafiyayyar bindigar masana'anta mai lamba 12, wadda faɗin bakinta ya kai milimita 18 da rabi, abin da aka saba ɗura mata wajen giram 5 ne na albarushi da giram 32 na ƙananan ƙwayoyin dalma, waɗanda ake kira rash a kasuwannin Sudan. Wannan kuwa iyaka ce ga mai hatimi, ta maƙeri da mai ƙaramin baki nasu ƙasa da haka yake ainun, kuma abin da maƙerinta ya yanka shi ne hukunci. Ƙa'idar da maharba suka daɗe a kai ita ce, ma'aunin da ya auna albarushi shi zai auna rash, cika da cika, in kuwa za a saɓa, to, a rage albarushin. Mai tsammanin ƙarin albarushi zai ƙara masa nisa ya yi kuskure ta fuska uku, domin rarar tana ƙonewa ne a waje bayan dalma ta fita, tana tarwatsa rash ta bar rami a tsakiya inda zabo zai wuce lafiya, tana kuma gajiyar da ƙarfe kaɗan kaɗan har ranar da zai yage a kan ɗurin da bai fi na kullum ba.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan jarrabawa ba. Libarba ta farko da Samuel Colt ya yi wa rajista a Amurka a 1836, ɗurinta irin namu ne, kowane rami cikin ramukanta sai an zuba masa albarushi, an danna dalma, an ɗora kabsula; sai daga baya aka haɗa ukun cikin kwanso guda, irin na Webley mai babban baki da hafsoshin Ingila suka fara ratayawa daga 1887. Har yau akwai masu sha'awar manyan libarba a Amurka da ke cika kwansonsu da hannu a gida, kuma mafi shahara a cikin magabatansu, Elmer Keith, wanda gwaje-gwajensa suka kai ga fitowar harsashin .44 Magnum a 1955, shi kansa ya taɓa fasa libarba a ƙuruciyarsa saboda ɗurin da ya wuce kima. Abin lura ga al'amarinsu shi ne, ba sa zuba komai sai bisa mizanin da ke gane abin da bai kai nauyin ƙwayar dawa ba, suna bin littafin awo, suna farawa daga ƙasa, suna kuma rubuta kowane ɗuri. In masu ƙarfen masana'anta suna wannan taka-tsantsan, mai bututun maƙera ya fi su buƙatarsa.

Fasali na uku: tartibin ɗuri

Ɗuri yana da rukunai a jere kamar na salla, inda ba a gabatar da sujada a kan ruku'u, kuma maharbin ƙwarai yana bin jerin nan iri ɗaya kullum har hannunsa ya haddace. Da fari ya kafa gindin bindiga a ƙasa, bakinta sama, a karkace nesa da fuskarsa da ta abokin tafiya, babu kabsula a nono, babu taba a bakin kowa, babu wuta kusa. In harbin farko ne na yini, ya goge cikin bututu da busasshen tsumma don ya kwashe man ajiya, kana ya ɗora kabsula ɗaya ya fasa ta a bututu fayau yana nuna ciyawa. In ciyawa ta motsa, hanyar wuta a buɗe take. In kuwa yanzu ya harba, sai ya dakata, ya zura tsumma mai ɗan danshi ya kashe tartsatsin da ka iya maƙalewa a gindi, ya bi da busasshe. Al'adar sa baki a hura bututu kuwa a bar ta, domin kai ba ya da abin yi a saitin bakin bindiga ko da daƙiƙa guda.

Na biyu, ya tsiyaya albarushi daga ƙaho zuwa ma'auni, ya toshe ƙahon ya mai da shi bayansa, sa'an nan ya juye ma'aunin a bututu, ya ɗan bubbuga gefe don ƙwayoyi su sauka. Hikimar wannan ita ce, in akwai ragowar wuta a ciki, cikin ma'auni guda ne zai tashi ya babbake yatsu, alhali wanda ya kafa bakin ƙaho a bakin bututu, ƙahon gaba ɗaya ne zai fashe a hannunsa.

Na uku, ya sa toshiya, ya tura ta da sanda har ta zauna daram bisa albarushi. Fata mai laushi da aka yanka daidai baki, ko takarda mai kauri, sun fi auduga da busasshen tsumma, saboda auduga tana fita da wuta a jikinta ta faɗa cikin ciyawa tana ci a ɓoye, kuma a kaka, sa'ad da dawa ta bushe a tsaye aka tara riɗi, wannan kaɗai ya isa ya cinye wahalar shekara. Turawa ake yi da ƙarfi sau ɗaya ko biyu, ba a kirɓa kamar ana jin haushi, domin kirɓi yana murƙushe ƙwayoyi ya sauya ƙarfin ɗuri; sandar kuma a riƙe ta da yatsu ta gefe, kada a kifa tafin hannu a kanta, don in ƙaddara ta gitta ta fita ta bar hannu.

Na huɗu, ya zuba rash da ma'aunin nan, ya bi da siririyar toshiya da za ta hana shi zubowa. Dalma ake ɗurawa, domin ta fi ƙarfen bututu laushi. Ƙusa da gutsattsarin ƙarfe da tsakuwa suna kartar ciki, wani lokaci su gicce su toshe hanya. Sharaɗin da ba a sassauci a kansa shi ne, kada a bar sarari tsakanin albarushi da abin da ke bisansa, domin dalmar da ta maƙale a tsakiyar bututu toshiya ce, in an harba a wurin nan ƙarfe zai kumbura ko ya fashe; in datti ya hana ta sauka, ba a harba ta don a huta, sai a zuba ruwa a fitar da ita.

Na biyar, ya dubi sandarsa, wadda ya kamata ta kasance da alama biyu, ɗaya ta bututu fayau, ɗaya ta cikakken ɗuri. In alamar ɗuri ta tsaya sama da baki, ko dai an bar sarari, ko an ɗura sau biyu. Ɗuri biyu kuwa galibi hira ke kawo shi, saboda haka wanda aka yi wa sallama yana tsakiyar aiki, ya amsa, amma kada ya ci gaba sai ya sake aunawa. Daga nan ya zare sanda ya mai da ita mazauninta. Kabsula ita ce ta ƙarshe, kuma ba a ɗora ta sai an isa inda za a yi harbi. Mai bindigar ƙanƙara ma haka, ba ya zuba ɗan albarushin kasko sai a can. Duk sa'ad da za a tsallake abu ishirin ko wata tur'a, watau hanyoyin ruwan ban gona, ko a shiga kwalekwale, ko a hau jaki ko babur, ko a doshi gari, a cire ta.

Fasali na huɗu: harbi

Kafin a nufi dabba, a san bindiga a kan takarda. A kafa babban kwali ko tsohuwar tabarma a jikin tudu, a ja da baya taki 25, a harba, a je a duba yadda rash ya bazu da inda tsakiyarsa ta faɗa. Wanda ya yi haka sau uku ko huɗu zai san ko bindigarsa tana cin sama ko ƙasa, zai kuma ga da idonsa cewa bayan taki 30 ƙwayoyin sun yi nisa da juna, ba sa kashe zabo ko fakara, sai dai su raunata su su tafi su mutu a banza, abin da shari'a ba ta so.

Wajen tsayuwa, ƙafar hagu gaba, jiki ya ɗan rusuna, gindin bindiga a manne cikin kafaɗa, domin wadda aka riƙe sako-sako ita ke naushi. Kunci a kan katako, hannun hagu a ƙarƙashin bututu nesa da nono, yatsa kuma ba ya shiga wurin kunama sai an yi niyyar harbi. A matsa kunama a hankali, kada a fizga, kuma a ci gaba da riƙe saiti bayan guduma ta faɗi, saboda bindigar toka tana da ɗan jinkiri tsakanin sara da tashi, mai ɗaga kai da wuri kuwa kuskure saiti yake yi. Tsuntsu mai tashi gabansa ake nufa, ana bin sa da bututu ba tare da tsayawa ba.

Mafi girman sharaɗi shi ne sanin abin da ake harbi da abin da ke bayansa. Ƙasar Jazira shimfiɗaɗɗiya ce, babu dutse ko tudun da zai tare harsashi, kuma bayan kowace hawasha, watau gona, akwai wata, da mata masu tsinka da yara masu kiwo. Ƙwayar rash tana tafiya taki ɗari biyu ko fiye kafin ta faɗi, dunƙulen dalma kuwa ya ninka haka. A bakin kogi, dalma tana tsalle bisa ruwa ta sauya hanya, alhali masunta 'yan'uwanmu suna cikin kwalekwale bayan duhuwar bagaruwa, saboda haka ba a harbin ɗinya ko agwagwa a kwance kan ruwa sai an ga ƙetare sarai. Ba a harbin motsin ciyawa, ba a harbin ƙara, ba a harbin ƙyallin ido da dare. Harbin biki ma, wanda 'yan bindigar Sarkin Kano ke yi da albarushi zalla a hawan salla, yana da nasa haddi, domin toshiya da wuta kaɗai suna kisa a kusa. Harba harsashi mai rai sama a wurin ɗaurin aure kuwa jahilci ne, abin da ya hau sai ya sauko a kan wani.

Fasali na biyar: in ta ƙi tashi, da wanki, da ajiya

In guduma ta sara bindiga ta yi shiru, kada a sauke ta, kada a juyo ana tambayar abokai, kada a leƙa. A riƙe ta a saiti har minti guda cur, domin wuta na iya cin damshin albarushi a hankali ta tashi daga baya. Bayan haka a tsokaci ramin nono da siririyar waya, a sa sabuwar kabsula a sake gwadawa. In ta ƙi har sau uku, a cire kabsula, a cika bututu da ruwa a bar shi ya jiƙa, kana a zaro ɗurin da sanda mai ƙugiya.

Ba dukan albarushin da aka ƙona ke fita da hayaƙi ba, wani ɓangarensa a bututu yake zama baƙar dauɗa mai jan danshi, wadda kan soma cin ƙarfe cikin dare ɗaya, musamman da damina a ƙauyukan bakin ruwa daga Sinja zuwa Rusairis. Saboda haka ranar da aka yi harbi ran nan ake wanki, da ruwan zafi da ɗan sabulu, ana tura tsumma ana ja har ruwa ya fito fari, a busar sarai, a shafa mai kaɗan ciki da waje. A rataye ta ba ɗuri, a ɗaura ƙyalle a baki saboda ƙura da zanzaro; albarushi a ƙahonsa ko gwangwaninsa na asali, ba a kwalba ba, nesa da madafa da rufin ciyawa, kabsula kuma a wani wuri dabam, dukansu inda hannun yaro ba ya kai.

Dalma ma guba ce, kuma abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ƙurarta ta hallaka yara fiye da 400, ya isa wa'azi. Ba a narka ta a tukunyar abinci ko cikin ɗaki, ba a barin ɗigon ruwa ya faɗa cikin narkakkiya domin fantsama take yi, ba a sa ƙwayoyinta a baki, a wanke hannu kafin cin abinci, a kuma yanke naman da ke kewaye da raunin harbi a zubar.

Fasali na shida: hukuncin shari'a da dokar ƙasa

Malaman Malikiyya na farko ba su yi magana kan bindiga ba, da yake ba ta bayyana a zamaninsu ba, na baya kuwa sun yi saɓani, amma abin da Shehu Dardir da Shehu Dasuƙi suka rinjayar a sharhin Muhtasar shi ne halaccin cin abin da dalmar bindiga ta kashe, saboda tana huda jiki tana zubar da jini. Sharuɗɗan su ne, maharbi ya yi niyya, ya ambaci sunan Allah lokacin harbi, dabbar ta kasance ta daji wadda ba a iya kama ta da hannu, ya kuma bi ta ba da sakaci ba, in ya same ta da rai ya yanka. Wadda ta faɗa ruwa ba a san ko harbi ne ya kashe ta ko nutsewa ba, da wadda ta ɓace ta kwana aka tsince ta matacciya, ba a cin su a mashahurin zance. Risala ta Ibn Abi Zaid ta sanya farauta don wasa cikin makaruhi, ta halatta wadda ake yi don buƙata. Hadisi ingantacce ya hana Musulmi nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, kuma wanda ya kashe mutum bisa kuskure, aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara, diyyar raƙumi 100 ko dinari 1,000 a kan danginsa, kaffarar kuwa 'yanta bawa mumini, ga wanda bai samu ba azumin wata biyu a jere, a kansa shi kaɗai.

Ta fuskar hukuma, dokar makamai ta Sudan ta 1986 ta wajabta lasin ga mai riƙe bindiga, haka dokar Nijeriya ta 1959 ta sa bindigar toka ƙarƙashin izinin 'yan sanda, kuma gandun Dindir, wanda aka keɓe tun 1935, haramun ne farauta a cikinsa. A wannan zamani na fitina, fita da bindiga kowace iri ce yana iya jawo wa mutum da ƙauyensu zargin da ba su ji ba ba su gani ba, saboda haka neman shawarar sarkin gari da izinin hukuma ya gabaci duk abin da aka faɗa a sama. To, wanda ya ga ba zai iya tsare waɗannan sharuɗɗa ba, ya rataye bindigarsa ya nemi tarko ko raga, babu abin kunya a ciki. Dattawan da suka san sana'ar kuwa, muna roƙonsu su koya wa na bayansu awo da tartibi kafin su koya musu saiti. Allah ya kiyaye mu da jama'armu baki ɗaya.